Sanarwar Rasuwar Antje, Kwamfutar Da Aka Kai Shan Iska

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da takaicin da har yau ya ƙi gushewa, Gesine Oltmanns ta layin bayan coci, a nan ƙauyenmu na gefen garin Leer, tana sanar da 'yan uwa da maƙwabta da abokan arziki rasuwar kwamfutarta kuma abokiyar zamanta, wadda kowa ya sani da suna Antje. Rai ya yi halinsa ne wata Talata da hantsi, cikin tsakiyar sanyin watan Janairu, a ƙarƙashin teburin ɗinki inda ta shafe shekara goma sha ɗaya ba ta taɓa neman a sauya mata wuri ba. An jinkirta wannan sanarwa saboda binciken gawa. Marigayiya ta yi doguwar jinya, kuma da ciwon aka bar ta da shi kawai, wataƙila da tana nan. Sai Allah Ya haɗa ta da masu magani biyu, dukansu 'yan gida.

Ba za mu yi wa mamaciya ƙarya ba, Antje ba kyakkyawa ba ce. Akwati ce toka-toka mai nauyin buhun dankali, kuma ba a taɓa zarginta da gaggawa ba. In Gesine ta kunna ta da safe sai ta ce "ƙit" sau ɗaya, sannan ta ɗauki wani gunji mai laushi, "hmmm", kamar tsohuwa tana neman gilashinta. Gesine kan je ta ɗora ruwan shayi, ta dawo ta tarar da ita ta shirya. Haka suka zauna lafiya, kowa ya san halin kowa. Ita ta buga wa mawaƙan coci takardun waƙa duk tsawon shekarun nan. Ita ce kuma ta rufa wa maigidan, Harm Oltmanns, asiri, domin duk yammacin da ya ce zai shiga ya cike takardun haraji, karta yake bugawa shi kaɗai, kuma har ta koma ga Mahaliccinta ba ta faɗa wa kowa ba.

Amma babbar amanar da ke hannunta ita ce muryar Tjalda, mahaifiyar Gesine. A shekarunta na ƙarshe, Gesine kan zaunar da tsohuwar a kicin, ta ajiye 'yar rikoda kusa da kwanon sukari, ta bar ta ta yi ta zuba da Platt ɗinta, yaren yankin nan na mutanen da, irin wanda yaran yanzu ba sa gane rabinsa. Ta ba da labarin shekarar da teku ta karya ganuwar da ke tare ruwa, ta yi waƙoƙin reno, ta yi gulmar mutanen da suka daɗe a maƙabarta, ta yi dariyar nan tata da ke ƙarewa da tari. Duk lokacin da rikoda ta cika, sai a juye a cikin Antje a goge, a sake sabon zama. Tjalda ta rasu shekara huɗu da suka wuce. Tun daga nan, kowace Lahadi da yamma Gesine kan kafa teburin guga, ta kunna uwarta, su yi hira. Kwafi ɗaya ne tak a duniya, kuma a cikin faifan ajiyar Antje yake.

Ciwon ajali ya fara ne tun ganye na zuba. A cikin kowace kwamfuta akwai waɗansu ma'aikata da ido ba ya gani, masu aiki ta bayan fage, kuma ɗaya daga cikinsu aikinsa kula da faifan ajiya: ya share, ya jera, ya duba inda ya samu rauni. A da wannan bawan Allah kan yi aikinsa ya koma ya kwanta, ba wanda ya ma san da zamansa. Sai ga shi rana tsaka ya ƙi kwanciya. Ya kama ƙwaƙwalwar Antje ya riƙe gam, kashi ɗari bisa ɗari, bai bar wa kowa ko ɗigo ba. Fanka ta koma huci, "fuuuuu", tun safe har a kashe. In aka taɓa linzami sai kibiya ta tsaya ta yi tunani kafin ta motsa. Muryar Tjalda kanta ta fara sarƙewa a tsakiyar magana, kuma wannan ne ya tayar wa Gesine da hankali.

Mai magani na farko shi ne Malte, mijin 'yarta Imke. Malte kayan kicin yake sayarwa a wani kanti a Emden, amma da yake ya taɓa haɗa wa kansa talabijin ba tare da ya karanta takarda ba, dangi suka naɗa shi masanin duk wani abu mai waya, shi kuma ya karɓi sarautar hannu bibbiyu. Ya iso ranar Lahadi daidai lokacin shayi, kamar yadda ya saba isowa duk inda ake yanka kek.

"Moin, Gesine. Ina mara lafiyar? Matsa ki ga aiki."

"Ka dai san kan abin ko?"

"Haba, wannan ai kafin shayinki ya huce na gama."

Ya buɗe tagar da ke nuna ayyukan da ke gudana, ya dangwala yatsa a kan gilashin sikirin har ya bar maiƙo. "Kin ga wannan na sama? Shi ne ɓarawon. Shi ke cinye komai." Ya danna ya kashe shi. Fanka ta yi tsit. Malte ya jingina da kujera, ya miƙa hannu a ba shi kek, fuskarsa kamar ta wanda ya ceto yaro daga rijiya. Bai kai cokali na biyu baki ba ɓarawon ya dawo saman layi, fanka ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Ya sake kashewa, ya sake dawowa. Suka yi ta yi har kirim ɗin da ke kan shayinsa ya kwanta.

Gesine ta ce, "To me yake nema ne da ya ƙi tafiya? Wanda ake kora yana dawowa ai akwai abin da ya gani."

"Ba a tambayar kwamfuta abin da take so, Gesine. Umarni ake ba ta."

Ya zaro wayarsa ya shiga dandalin masu ba da shawara, inda duk wanda ya iya rubutu likita ne. Wani ya ce a goge ƙura, wani ya ce ƙwayar cuta ce, wani ya ce shi tasa ta warke da kanta, ya gode. Malte ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya kunna, ya kashe, ya sauke abin da ba a aike shi ba, ya goge abin da bai san amfaninsa ba. Ana cikin haka marigayiya ta tattara ɗan ƙarfin da ya rage mata, ta fito da rubutu ƙarara a tsakiyar sikirin, cewa faifan ajiya na gab da lalacewa, a kwashe abin da ke ciki tun da wuri. A iya saninmu ba a taɓa yin majinyacin da ya faɗi ciwonsa dalla-dalla haka ba.

"Malte, tsaya, me ta rubuta?"

"Rabu da ita. Haka suke sa musu don su tsorata tsofaffi a je a sayi sabuwa." Ya danna ɗan akwatin da ke cewa kada a sake nuna wannan saƙo, ya rufe.

Gesine ta tashi ta jawo aljihun tebur, ta ɗauko faifan waje da Imke ta ba ta kyautar Kirsimeti, yana nan a ledarsa. "Ni dai mu kwashe muryar Mama tukuna. Sauran ku yi duk abin da kuka ga dama."

"A wannan halin? Ai sai ta shekara tana kwafa. A fara magani, in ta samu sauƙi a kwashe. Bi da bi ake yin abu."

Daga bakin ƙofa Harm ya sa baki, hannu a aljihu. "Yaron ya yi gaskiya, Sine. Komai da tsarinsa."

A garin nan in namiji ya ce komai da tsarinsa, an rufe magana ke nan. Gesine ta mayar da faifan aljihun tebur, ranta bai so ba. Kafin Malte ya tafi ya gano inda ake hana ma'aikacin nan tashi gaba ɗaya, ya ɗaure shi, ya toshe masa baki, ya sa hularsa ya ce an gama. Antje ta yi shiru na 'yan kwanaki, irin shirun da mai hankali ke tsoro. Daga nan ta sake ɗaukar zafi, kuma wani sabon sauti ya fara fitowa daga cikinta, "ƙyas, ƙyas", jefi-jefi.

Ranar Talatar da abin ya faru, Gesine ba ta nemi shawarar kowa ba. Ta yage ledar faifan waje da haƙori, ta jona, kuma da yake ba ta san yadda ake zaɓen abu ɗaya a bar saura ba, sai ta ja komai da komai ta zuba. Wani koren layi ya fito ya fara rarrafe. Fanka ta ɗauki kuka kamar za ta tsinke, amma layin yana tafiya. Tana da ganin likitan ido a Leer, ganin da ta daɗe tana jira, don haka ta sa kot ɗinta ta tsaya a kan Harm yana karanta jarida.

"Harm, tana aiki. Kada ka taɓa ta."

"Ni me ya haɗa ni da ita?"

"Ko kallonta kada ka yi."

A nan ya kamata a gabatar da mai magani na biyu. Harm ya yi shekara talatin yana kula da injinan da ke zuƙe ruwa daga gonaki, saboda haka a wurinsa inji inji ne, babba da ƙarami. Kuma kamar kowane magidanci a ƙasar nan, ya yi imani da wangale tagogi safe da yamma, ko ana zuba ƙanƙara, don tsohuwar iska ta fita sabuwa ta shigo. Kowa na yi, amma shi Harm ya mai da abin addini. Ciwon kai, a buɗe taga. Yaro ya faɗi jarrabawa, ɗakinsa ne babu iska. Ko faɗa suka yi da Gesine, ba ya ba da haƙuri, taga yake buɗewa.

Da gida ya yi shiru sai kukan fanka ya ishe shi. Ya shiga ya ɗora tafin hannu a kan akwatin, ya ji zafi rau. Ya wangale taga, bai ga canji ba. Sai ya yanke hukuncin cewa ciwon ya wuce na taga, ya durƙusa ya zare waya daga bango, koren layi na tsakiyar tafiya, ya rungumi marigayiya ya kai ta baranda. Ranar ruwan da ke cikin bokitin tsuntsaye ya daskare har ƙasa. Ya ajiye ta a kan kujerar lambu, ya juya ta ta fuskanci iskar teku, ya koma ya ƙarasa jaridarsa, har da wasan cike gurbin kalmomi na shafin baya.

Da ya ga ta sha ta ƙoshi, ya ɗauko ta sanyi ƙalau ya shigo da ita ɗakin da hita ke ci tun asuba. Yana shigowa gilashin idonsa ya yi hazo, kamar yadda yake yi masa duk ranar Allah tun yana saurayi. Ya cire, ya goge da gefen riga, ya mayar. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana yaƙi da ruwa, ya ga ruwa ya kwanta a kan gilashinsa, bai tambayi kansa abin da ke kwanciya a cikin akwatin ƙarfen da ke hannunsa ba. Ya ma ga gumi ya karyo mata ta ko'ina, ya ce madalla, zazzaɓi ya sauka. Ya jona waya ya danna.

Marigayiya ta ce "ƙit", kamar kullum, don ladabi bai bar ta ba har ƙarshe. Sannan ta ce "ƙyas, ƙyas, ƙyas, ƙrrrr". Sannan "ɗas". Ƙaurin ƙonewa ya tashi, kuma Harm, Allah Ya shirye shi, ya je ya buɗe taga.

Gesine ta dawo da ledar burodi a hannu, idonta na yaji saboda maganin da aka ɗiga mata. Tun daga ƙofa ta ji shirun.

"Harm, wa ya taɓa ta?"

"Ban taɓa ta ba. Iska kawai na kai ta ta sha."

"Iska."

"Ai ke ma kin ji yadda take huci. Ɗakin nan ya cika ɗumi, na sha gaya miki."

Ta ajiye burodin a kan teburin ɗinki. Ba ta yi ihu ba, ba ta jefe shi da komai ba, kuma mu maƙwabta da mun fi son ta yi. Ta zauna a ƙasa kusa da akwatin da kot ɗinta a jiki, ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba ranar da aka binne Tjalda, domin a wancan karon ta san akwai abin da ya rage mata.

Binciken gawa ya gudana a wani shagon gyara a Leer, daga can aka tura faifan wurin ƙwararru a birni, ya dawo da sakamako ɗaya. Faifan ya daɗe yana mutuwa. Ma'aikacin nan da aka yi ta kira ɓarawo, raunukan yake bi yana komawa kansu, shi ya sa ya hana kowa sakat, kuma a duk gidan shi kaɗai ne ya san abin da ake ciki. Sanyi da laima suka ƙarasa abin da ya rage, allurar da ke karanta faifan ta kankare fuskarsa, babu abin da za a iya cirowa. Mai shagon ya faɗi wannan yana taunar cingam, kuma bai bari gawa ta huce ba ya jawo wata siririyar kwamfuta ya buɗe a gabanta.

"Wannan ko fanka ba ta da ita, Frau Oltmanns. Shiru take aikinta."

Gesine ta ce, "Shiru ina da shi a gida."

Marigayiya ta rasu ta bar firinta guda, wadda ba su taɓa jituwa ba amma yanzu ta rasa da wa za ta yi gardama. Ta bar linzami, da allon rubutu wanda harafi ɗaya ya goge, da sikirin mai ɗauke da shatin yatsan Malte har yau. Ta kuma bar faifan waje, magajinta tilo, kuma ya kamata jama'a su san abin da ya gada. Antje mai bin tsari ce kamar mutanen gidan, don haka bi da bi ta yi kwafin, bisa jerin haruffa. Ta kwashe jakar Harm, hotunan injinan ruwa ta gaba da ta baya. Ta kwashe jakar Imke. Ta kwashe jakar Malte kaf, Malte riƙe da kifi, Malte riƙe da wani kifin, Malte a jirgin ruwan da ba nasa ba, ko ɗaya bai ɓata ba. Jakar da ke bi masa a layi sunanta Mama. A nan aka zare waya.

Masu maganin biyu suna nan cikin ƙoshin lafiya, suna cin abinci sosai. Malte ya bugo waya ya yi ta'aziyya, ya ƙara da cewa, "Ai ni tun farko na so a kwashe." Harm kuwa yana gaya wa duk wanda ya tsaya a bakin shinge cewa da ma kwananta ya ƙare, kuma injinan zamani ba su da juriya. Abin da ya dami Gesine ya fi ƙarfinsu. Ta ce labaran duk tana riƙe da su, za ta iya maimaita su kalma bayan kalma, amma in ta rufe ido ta nemi sautin, nata muryar take ji tana kwaikwayo. Ranar Lahadin da ta wuce ta kafa teburin guga, ta tsaya, ta naɗe shi ta mayar.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe goma na safe, a filin karɓar tsofaffin kaya na gunduma, kwantena ta uku daga ƙofa, wadda aka rubuta wa kayan lantarki. Harm ne zai ɗauki gawa, a ƙafa, tun daga gida, tunda ya nuna ya iya ɗaukarta. An roƙi Malte kada ya yi jawabi. Ba a buƙatar furanni, kuma duk mai shawara a kan abin da ya kamata a ce an yi, ya bar ta a mota. Bayan an dawo za a zauna shan shayi da kek ɗin man shanu a gidan mamaciya, kuma tagogi za su kasance a rufe har baƙo na ƙarshe ya tafi, ko da wani zai suma.

Za a aika mota Norden ta ɗauko Tante Okka, ƙanwar Tjalda, daga gidan tsofaffi. Kowa ya san ba sa ga-maciji da Gesine tun rabon kayan kakar Gesine, kuma kowa ya san bakinta, ba ta taɓa shiga gida ta fita ba ta bar wani da ciwon rai ba. Za ta kushe kek ɗin, za ta ce Gesine ta yi ƙiba, za ta tono abin da aka binne tun kafin a haifi Imke. Amma duk wanda ya taɓa jin su biyun ta bayan ƙofa ya san ba a bambance muryarta da ta yayarta. An ajiye mata kujera mai taushi a kicin, daf da ta Gesine. Ana roƙon jama'a, don girman Allah, in ta fara magana kada wanda ya katse ta, ko da zagi take yi.